Babi na 6: Rabon aikin jinyar tsoho a gida

Darasi na 1: Mai jinya, ki duba jikinki

A Birni, Zango, Garin Malam da sauran unguwannin Damagaram, gidaje da yawa suna da tsoho ko tsohuwa da ƙafa ta daina ɗauka. Kusan kullum mace ɗaya ce a kansu: ɗiyar da ta dawo gida, ko matar autan gida. Ita ce wanka, ita ce wankin zannuwa, ita ce damun koko, ita ce tashin dare. Maza suna Agadas ko Kano ko Libiya, sai dai su kira a waya su ce, "Yaya jikin Inna?"

Ki karanta waɗannan a hankali, ki ga ko akwai naki a ciki. Kin kwanta amma barci ya ƙi zuwa. Kai da baya kullum ciwo. Kina yi wa yara tsawa ba su yi komai ba. Kin daina zuwa suna da biki. Inna ta kira ki, gabanki ya faɗi, daga baya ki shiga ɗaki ki yi kuka.

Wannan gajiya ce ta taru, kada wani ya ce miki rashin imani ne. Gaskiya ne a Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah ya hana a ce wa iyaye ko da "uf". To, wadda ta daɗe ba ta samu barci ba, wata rana bakinta zai suɓuce. Saboda haka ne za mu koyi raba aikin.

Darasi na 2: Takardar rabon aiki

Ki ɗauko kaye da bik. Ki buɗe shafin da ba a rubuta komai ba. Ki ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa. Yanzu shafin ya rabu gida uku. Daga hagu ake farawa. Masu karatun allo, hannunku ya saba da dama, ba laifi, ku dawo hagu.

A saman gida na 1 ki rubuta RANA. A saman gida na 2, AIKI. A saman gida na 3, SUNA. Ga misali:

Litinin | wankan Inna | Hadiza
Talata | kwana da Inna | Mariama

Gida na 1 da na 2 ba sa ba kowa wahala. A gida na 3 ake faɗuwa. A nan sunan mutum ɗaya ake rubutawa. Mutum ɗaya. Na ga masu rubuta "kowa". Na ga masu rubuta "yara". Na ga wadda ta cika layin da "duk wanda ya samu hali". Rubutun ya yi kyau, haruffa sun fito, amma ranar da aka zo wankan, wa zai ɗauko bokiti? Wadda ta saba ɗaukowa. Ki goge, ki sa suna.

Mu sake. Ki ɗora yatsa a kan layi na farko, ki ja shi zuwa dama har gida na 3. Me kika gani? In suna ne da za ki iya tsayawa bakin ƙofa ki kira, mai shi ya amsa, kin yi daidai, sannu da ƙoƙari. In ba haka ba, ki goge. Ba abin kunya ba ne, kowa a nan yake tuntuɓe da farko.

Yanzu ki ƙidaya sau nawa sunanki ya fito. In ya fito daga Litinin har Lahadi, ba ki raba komai ba, wahalarki kawai kika rubuta. Ki zaɓi rana ɗaya, ko rabin yini, da sunanki ba ya ciki. Alhamis ta dace ga masu son leƙa kasuwar Dole.

Kada ki sa sunan mutum sai kin yi magana da shi. Kuma kada ki ce, "Ku riƙa taimaka mini." Za a ce "to", shi ke nan. Ki ce, "Yaya, don Allah ranar Alhamis daga azahar zuwa magariba ka turo Mariama ta zauna da Inna." Ga rana, ga aiki, ga suna. In ya amsa, ki rubuta a gabansa.

Wanda yake nesa ma yana da layinsa. Aikinsa kuɗi ne: na magani, na sabulu, na ga-ruwa, don kowa ya san wahalar ruwan Damagaram, kuma wankin shimfiɗar majinyaci yana cin jarka da yawa. Ki rubuta ranar wata, ki rubuta adadi. Jikka 1 ita ce dala 200, a rubuce 1000 F. Jikka 5 kuwa 5000 F: biyar da sifili uku. Ki ƙidaya sifilin. Sannan a gida na 3 ki sa sunansa. Ba "na waje" ba. Sunansa.

Ku kuma maza da ke cikin ajin nan, ku saurara. Wankan Baba da kai shi bayan gida aikinku ne. Tsoho yana jin nauyin surukarsa ta ga jikinsa, har yakan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya kama shi. Kuna da lokacin zaman fada da shayi har tsakar dare. Kada in sake ganin takardar da babu sunan namiji ko ɗaya a cikinta.

Idan kin gama, ki manna takardar a bayan ƙofar ɗakin Inna. Kafin ki manna, ki sake bin gida na 3 da yatsa daga sama har ƙasa. Duk layi da sunansa.

Darasi na 3: Ɗaukar mai taimako

In dangi ba su isa ba, a haɗa kuɗi a ɗauki babbar mace ta unguwa da aka sani. Ki tambayi matan adashi, ko ƙungiyar Mata Masu Dubara in akwai ta a unguwarku. Kada a cire yarinya daga lakkol don ta yi jinya. Ba ta da ƙarfin ɗaga tsohuwa, kuma an kashe mata karatu.

A yanke ladanta gaban shaida, a rubuta. A kwanakin farko ki zauna tare da ita ki nuna mata. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa 2, don kada gyambo ya fito a ƙugu da diddige. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, tsofaffi kuma ba sa jin ƙishirwa da wuri, sai a riƙa miƙa ruwa ko ba su nema ba. Maganin tansiyo, wato hawan jini, kullum ake sha, ba a dainawa don an ji sauƙi. Allura da ƙarin ruwa aikin ma'aikacin lafiya ne na CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, kada mai taimako ta taɓa. Ita ma a sa sunanta a gida na 3.

Darasi na 4: Lokacin zuwa asibiti

In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, a nemi mota a tafi asibiti nan take, kada a jira safiya. A tafi da karnen asibiti na majinyacin da kwalayen maganin da yake sha.

Aikin gida: kowa ya rubuta takardar gidansu ta kwana 7, ya kawo aji mai zuwa. Gida na 3 zan fara dubawa.