Yadda ake magance zubewar gashi ga maza da mata

Kowane mutum na zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a rana, wannan ba ciwo ba ne. Idan abin ya wuce haka, kada a yi gaggawar sayen mai, a fara gano abin da ke cinye gashin tukuna.

Da farko a tsaya a wuri mai haske, a sa wani ya ɗauki hoton goshi da tsakar kai. Namiji idan goshinsa na ja da baya, tsakar kai na haske, sanƙon gado ne. Mace kuwa tsagar tsakiyar kanta ce ke ƙara faɗi. Fili zagayayye kamar kwabo, sumul, cuta ce daban wadda likitan fata kan yi wa allura a wurin. In filin na ƙaiƙayi yana fitar da gari, musamman a kan yara, galibi makero ne. Shi shafe-shafe ba ya kashe shi, sai an sha magani irin griseofulvin na mako shida zuwa takwas.

Sai a kawar da sanadin. A nan nake roƙon mata su saurare ni, domin kitso mai tsauri ya cinye gaban goshin mata da yawa. Ki tashi daga gaban makitsiya gira a ɗage, ki kwana biyu ba ki iya ɗora kai a matashi, ƙananan ƙuraje su feso a bakin goshi, duk saiwar gashin ce ke kuka. Ki tsefe shi a ranar, ki bar kan ya huta, ki rage ƙarin gashi mai nauyi da yawan rilaksa. In an farga da wuri gashin kan dawo, amma in aka shekara da shekaru ana ja, saiwar mutuwa take yi. Mai jego kuwa ta kwantar da hankalinta: zubar da ke zuwa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa takan tsaya da kanta. In ta ƙi tsayawa, a je asibiti a gwada jini a duba ƙarancin sinadarin ƙarfe da lafiyar maƙoƙo.

Daga nan sai magani. Ga sanƙon gado, maza da mata na amfani da minoxidil, mai ƙarfin kashi 2 ko kashi 5 cikin ɗari. A fatar kai busasshiya ake shafa shi kullum, ba a kan gashi ba. A makonnin farko zubar kan ƙaru, kada a tsorata. Sai an yi wata huɗu zuwa shida ake ganin canji, kuma in an daina, abin da ya tsiro zai sake zubewa. Mai ciki da mai shayarwa su dakata. Akwai kuma ƙwayar finasteride ta maza, miligiram 1 a rana, wadda Amurka ta amince da ita a 1997. Likita ne zai rubuta ta, don takan rage wa wasu sha'awa, kuma mai ciki ko gutsuren ƙwayar kada ta taɓa.

Man kaɗanya da man kwakwa na tausasa gashi su hana shi karyewa, amma ba sa fito da sabo a kan sanƙo.

Inda ya riga ya zama fili, saura dashe: a ciro gashi da saiwarsa daga ƙeya a dasa a gaba, aikin da mutane ke tafiya har Turkiyya dominsa. Yana da tsada, kuma bayansa ma ana ci gaba da magani don tsare sauran gashin.