Kafin ka cire IGBT ka sa silikon kabaid a inbata

Karon farko da na gwada MOSFET na silikon kabaid (transisto, wato makunnin lantarki, da aka yi da haɗin silikon da kabon) a inbata, na'urar da ke mai da wutar batiri irin ta gida, zare IGBT, transiston silikon da aka saba da shi, kawai na yi na dasa sabon a gurbinsa, ƙafa uku a rami uku. Ina ɗaga wuta zuwa bolt 600 sai na ji tas! Baƙar robar jikinsa ta dare biyu, warin ƙuna ya cika ɗakin. Laifin ba na transiston ba ne, allon da na ɗora shi a kai ne ba nasa ba.

Fara duba ko aikinka na buƙatarsa. Amfaninsa na fitowa ne daga bolt 650 zuwa sama, musamman 1200: inbatar sola, cajar mota mai sauri, motar lantarki mai batirin bolt 800. Yana jure matsin lantarki kusan ninki 10 na silikon, yana fitar da zafi kusan ninki 3, shi ya sa Tesla ta sa na STMicroelectronics a inbatar Model 3 tun 2017. In ƙaramin aiki ne na bolt 48, zauna da silikon ɗinka.

Direban get, wato da'irar da ke ba ƙafar get wutar kunna transisto da kashe shi, shi ne wurin da na fi so ka tsaya. Yawancin transistocin nan suna son bolt 15 zuwa 18 a get in suna kunne, sannan a ja su ƙasa da sifili, kamar -3 ko -4, a kashe. Bolt 2 zuwa 3 kacal ke fara buɗe get ɗinsa, ga shi yana kunnuwa cikin 'yan nanosakan. A inbata bibbiyu suke aiki, ɗaya a kunne ɗaya a kashe, kuma wannan saurin kan harba wuta cikin get ɗin abokinsa da ke kashe, su biyun su buɗe lokaci guda. Abin da ya fasa nawa ke nan. Karanta takardar bayanan wanda ka saya, domin kowane kamfani da iyakarsa, kuma siririyar fatar da ke kare get ɗin ba ta yafe wuce gona da iri.

Sai kariya. IGBT kan jure gajeriyar hanya, wato haɗuwar wuta kai tsaye, kusan maikurosakan 10, silikon kabaid 2 zuwa 3 ne kawai. Tsohuwar da'irar kariya kafin ta farga an gama.

A kan allo, gajarta komai. Kafasito ya manne da transisto, direba ma haka. In akwai mai ƙafa huɗu ɗauke shi, ƙafar ta huɗu tana raba hanyar get da ta babbar wuta. Ka fara da babban resisto a get, ka ɗaga wuta kaɗan-kaɗan kana kallon osiloskop, na'urar da ke zana yanayin wuta, sai tsinin da bolt ke yi ya lafa ka riƙa rage resiston. In injin lantarki zai juya ta doguwar waya, sa matatar wuta, don saurin nan na cinye rufin wayoyin cikin injin.

Tsadarsa za ta sa ka yi jim, kuma tana da dalili. Silikon narka shi ake yi a jawo sanda doguwa. Wannan kuwa tururinsa ake tarawa a zafin da ya haura digiri 2000, a shafe kwanaki kafin a sami 'yan santimita, ga tauri dab da na lu'ulu'u, yanka da gogewa duk wahala. Masana'antu na ƙaura daga faifan (wanda ake yanko transistoci daga jikinsa) milimita 150 zuwa 200, alhali silikon ya daɗe a 300. Wolfspeed, da ta buɗe masana'antar 200 a jihar New York a 2022, sai da bashi ya kai ta kotun fatara a 2025. Don haka ni ba na zana allo sai na tabbatar akwai kamfani na biyu da transistonsa zai zauna a wurin.

In za ka yi lissafi, haɗa har da kwail da ya ƙanƙance, da ƙarfen sanyaya da ya ragu, da wutar da ba ta tafi a zafi ba. A inbatar da na sake zanawa bayan waccan fashewar, sai da na cire fanka ɗaya gaba ɗaya.