Yadda ake ƙera tsintsiya mai tashi sama ta wasan fim da kayan da ake samu a Damagaram

Tsintsiyar da mai sihiri ke hawa ya keta sararin samaniya a finafinan almara na Turai ta samo asali ne daga tsintsiyar shara ta ƙauyukansu, wadda ake ɗaura wa tarin siraran rassan itace a ƙarshen doguwar sanda, kuma tatsuniyoyinsu ne suka ɗora mayu a kanta tun shekaru aru-aru. Fim ɗin Harry Potter na farko, wanda ya fito a shekarar 2001, shi ya ƙara yaɗa siffar da aka fi sani yanzu, wato sanda mai sulɓi da ɗan lanƙwasa da wutsiya mai tsini, kuma tun daga lokacin masu sha'awar yin shiga irin ta taurarin fim suke ƙera tasu a gida.

A nan Damagaram wannan ba baƙon aiki ba ne, domin garin da ya saba da wasan kara, wato bikin da ake kwaikwayon manya da kayan da aka ƙera da kara, ya san yadda ake mai da kayan banza su zama kayan sarauta a idon ɗan kallo. Abin da nake so matasanmu masu shirya gajerun bidiyo da ƴan wasan kwaikwayo na makarantu su gane shi ne, babu buƙatar neman kayan waje, saboda itace da ciyawa da fatar da muke da su sun fi roba kyau a gaban kyamara nesa ba kusa ba. Abin da za a ƙera kuwa kayan wasa ne tsantsa, ba ya tashi kuma babu wani tsafi a cikinsa, kuma yana da kyau a faɗi haka ga iyaye da yara tun kafin a fara.

Awo da zane

Kafin a taɓa wuƙa, sai a shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa, a zana tsintsiyar a ainihin girmanta. Ga babban mutum, sanda mai tsawon santimita 120 ta wadatar, wadda santimita 20 na ƙarshenta za su ɓuya a cikin wutsiya, ita kuma wutsiyar ta kai santimita 60, ta yadda duka tsintsiyar za ta tashi kusan santimita 160. Kaurin sandar kada ya wuce santimita 4, don hannu ya iya zagaye ta. Idan ta yaro ce, a rage komai gwargwadon tsayinsa.

Sanda

Reshen dogon yaro shi na fi ba da shawara, domin yana da sauƙin samu a duk lokacin da ake sassabe itatuwan bakin hanya da na gidaje, yana karɓar sassaƙa, kuma ƙwari ba su cika damunsa ba. Aduwa ta fi shi ƙarfi, amma tana da nauyin da zai gajiyar da wanda zai yini riƙe da ita. Gawo kuwa a bar shi inda yake, tunda itace ne da doka ta kare, kuma tun zamanin Sarki Tanimu ake hukunta mai sare shi a ƙasar Damagaram. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a je wajen masu sayar da itace ko masassaƙan da ke yin ƙotar fartanya, a ce musu: «Baba, ina neman reshe mai ɗan karkata sau biyu, ba miƙaƙƙe ba.» Irin wannan reshe su sukan ajiye shi gefe ne don ba ya yi musu amfani, alhali shi ne ya dace da wannan aiki, saboda lanƙwasar da itace ya yi da kansa ba ta taɓa yin kama da wadda aka tilasta masa.

Idan ɗanye ne, kada a shanya shi a rana, domin zafin garin nan zai tsaga shi tun daga baki har tsakiya. A ɗiga narkakken kyandir a bakunansa biyu, a jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa har tsawon mako huɗu zuwa shida. Bayan ya bushe sai a ɓare ɓawon, a rage kaurin da gizago a hankali, a bar wajen riƙo da ɗan kauri, a sirantar da gaban. Daga nan a bi shi da magagari, sannan a kankare da gefen fasasshiyar kwalba kamar yadda masassaƙa ke yi, wanda ke fitar da siraran ɓarɓashi ya bar itacen sumul. A ƙarasa da takardar gugar katako, a fara da mai kaushi lamba 80, a koma 120, a gama da 220. Kullin reshe da ƴan tabon da ke jikin itacen kada a shafe su duka, domin su ne ke nuna wa mai kallo cewa abin na gaske ne.

Wanda bai sami itacen da ya dace ba yana iya amfani da bututun ruwa na roba mai faɗin milimita 32 ko 40. Ana cika shi da busasshen yashi, a toshe bakunan da tsumma, a riƙa juya shi a saman garwashi ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba, har ya yi laushi, sannan a kwantar da shi bisa zanen a lanƙwasa, a danne da jiƙaƙƙen tsumma har ya huce. Yashin ne ke hana shi ninkewa. Lalle a yi wannan a fili, saboda hayaƙin robar da ta ƙone yana da illa ga huhu. Bayan an zubar da yashin sai a goge jikin ya yi kaushi, a naɗe shi da yankakkiyar takardar siminti da aka tsoma a farin gam na kafintoci, rufi uku ko huɗu. Wannan sanda tana da sauƙin ɗauka a kan dandali, sai dai ba ta jure a zauna a kanta.

Wutsiya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin masu gwadawa suke yin gaggawa su ɓata komai. Idan aka ɗauki tsintsiyar shara guda aka ɗaure a sanda, abin da za a samu shi ne tsintsiyar shara mai sanda, siririya, wadda ba ta da ciki kuma tsinkayenta ke zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wutsiyar da ake so tana da tsukakken wuya, da ciki mai faɗi, da ƙarshe mai tsini, kuma ba a samun wannan siffa sai an gina ta hawa-hawa.

Da farko a huda sandar a wuri biyu, ɗaya a santimita 15 daga ƙarshe, ɗaya a 18, a zura ƙusa a kowane ta fito ta ɗaya gefen da kamar santimita ɗaya, ƙusoshin biyu su gitta wa juna. Su ne za su hana wutsiyar zamewa ko juyawa. Sannan a samo gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi, a yanke bakin daidai yadda sandar za ta shiga, a zura ta, a ɗaure da waya, a shafa mata baƙin fenti. Wannan gora ita ce za ta ba da cikin ba tare da ƙara nauyi ba, baƙin fentin kuma zai sa ko an hango ta tsakanin tsinkaye a ɗauka inuwa ce.

Hawa na farko a yi shi da ciyawar gamba ko tsintsiyar laushi, a rufe gorar gaba ɗaya. Hawa na biyu a yi da tsinkayen tsintsiyar kwakwa, waɗanda ke da tsawo da ƙarfin riƙe siffa. Hawa na uku, wanda shi ido zai gani, a yi shi da siraran rassan geza ko sabara da aka zage wa ganye aka jiƙa a ruwa kwana guda don su yi laushi. Geza ta fi, domin ita ce ake lanƙwasawa a yi kujeru da gadaje a karkara, kuma launinta mai duhu yana fitowa da kyau a hoto. A kowane hawa ana ɗaukar tsinkaye ƙulli-ƙulli ne, kowane kamar kaurin babban yatsa, gindinsu na fuskantar sanda, a jera su kusa da kusa ana zagayawa, ana riƙe su da yankakkiyar robar cikin tayar babur. Idan zagayen ya cika aka tabbata babu gurbi, sai a ɗaure da waya sau uku a tsakanin ƙusoshin nan, a murɗe da ƙarfi har wayar ta ɗan nutse cikin tsinkayen, a tura bakinta ciki don kada ta yagi hannu ko tufafi, sannan a kwance robar. Kowane hawa da nasa ɗaurin, domin rassan suna motsewa idan sun bushe, kuma ɗauri ɗaya tak na waje ba zai riƙe na ciki ba. Bayan mako guda a sake duba wayar ta waje a ƙara murɗe ta.

Tun rassan suna da danshi za a tattara ƙarshensu, a naɗe da igiya daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe, ana ƙara matsewa ana tafiya, har wutsiyar ta yi tsini. A rataye ta a inuwa kwana uku ko huɗu. Idan aka kwance igiyar za a tarar siffar ta zauna. Kada a sa almakashi a daidaita ƙarshen a layi ɗaya, sai dai a bi waɗanda suka yi fice ƙwarai a datse su ɗaiɗai, kowane a tsawonsa daban.

Launi da ado

Man goge takalmi mai ruwan ƙasa, idan aka shafa shi da tsumma aka bari ya shiga sannan aka goge, yana ba itace launin abin da ya daɗe a hannu. Wanda ke son duhu sosai ya fara shafa ruwan bagaruwa, ya bari ya bushe, sannan ya bi da ruwan da aka jiƙa ƙusoshi masu tsatsa a ciki da ɗan tsami, domin haɗuwar bagaruwa da ƙarfe ita ke ba da baƙi, kuma dukawa sun daɗe suna aiki da wannan sani a kan fata. A gwada a guntun itace tukuna. Man ƙyalli mai sheƙi sosai ban ba da shawararsa ba, saboda yana mai da hasken rana cikin kyamara.

Wajen ɗaurin waya a rufe shi da fata, kuma a nan Damagaram ta fi kowa sa'a, tunda aikin dukawanta sananne ne. A kai musu tsintsiyar kanta maimakon awo, su yanka jar fata mai faɗin santimita 8, su ɗinke ta a jiki da basilla, su yi wata a wajen riƙo. Zobe biyu ko uku na wayar tagulla da aka ciro daga tsohon wayan lantarki sun isa ƙarin ado. Mai walda yana iya lanƙwasa ƙarfen gini mai milimita 6 ya yi ƴan likkafu biyu a maƙala kusa da wuya, irin waɗanda ake gani a wasu tsintsiyoyin fim. Sunan tsintsiyar kuma a rubuta shi a gaban sandar da ƙusa mai zafi, yadda masu zanen ƙwarya ke yi, kuma na fi son a sa mata suna irin namu, kamar Guguwa ko Shirwa ko Walƙiya, a kan a kwafo na wani.

Bayan an gama a ɗora tsintsiyar a kan tafin hannu a ga inda take daidaita. Ya kamata wurin ya kasance kusa da inda ake riƙo. Idan wutsiya ta rinjaya ƙwarai, a huda gaban sandar a cusa guntun ƙarfe a toshe da itace da gam, in ba haka ba mai wasa zai yi ta kokawa da ita a gaban jama'a.

Yadda ake nuna tashinta a bidiyo

A manyan finafinai ma ɗan wasa yana zaune ne a kan abin da aka kafa a gaban kore ko shuɗin bango, daga baya a cire bangon da kwamfuta a sa sararin sama. Ana iya yin ƙaramin irinsa a tsakar gida. Mai walda ya haɗa ƙafa ta bututun ƙarfe mai faɗin gindi, tsayinta kamar santimita 80, ya ɗora mata sirdin keke, ya yi ƴar ƙugiya a ƙarƙashin sirdin inda sandar za ta kwanta. Ta haka nauyin mutum yana kan ƙarfe ne, ba kan itace ba. A lulluɓe ƙafar da koren yadi, a shimfiɗa wani a ƙasa, a ja wani a bango har ya miƙe babu tamoji, mai wasa kuma ya yi nesa da bangon da kamar mita biyu don inuwarsa kada ta faɗa a kai. Doguwar alkyabba tana rufe sirdin sarai, kuma idan aka kunna fanka daga gaba tana kaɗawa yadda ake so. A ɗauki hoton a inuwa, da hantsi ko bayan la'asar, kuma kada a sa wani abu kore a tufafi ko a jikin tsintsiyar, domin zai ɓace tare da bangon. Manhajojin waya irin su CapCut da KineMaster suna da hanyar cire koren bango, sai a sa hoton duwatsun unguwar Birni ko na sararin sama a bayansa.

Idan akwai ƙananan yara a gidan, a nuna musu sirdin da koren yadin da idonsu, a yi musu bayanin dabarar filla-filla, kuma kada a bar tsintsiyar inda za su ɗauka su hau katanga ko soro da ita.

Ajiya

A rataye ta a kwance bisa ƙusa biyu a jikin bango, nesa da ƙasa saboda gara da nesa da murhu saboda busasshiyar ciyawar da ke cikinta, a rufe ta da tsohon zane don ƙurar hunturu. Idan aka ga gari mai laushi yana zubowa daga rassan, alama ce ƙwaro ya shiga, sai a sa wutsiyar kaɗai cikin baƙar leda a ɗaure, a ajiye ta a rana yini guda sandar kuma a rufe ta da tsumma, a kakkaɓe da yamma, a sake murɗe wayar idan ta yi sako-sako.