Yadda ake naɗa robar matsi a idon sawun mai shanyewar ɓarin jiki

Duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san ƙarar nan, silifas na jan ƙasa shaa shaa, saboda idon sawu ya sandare ƙafar ta ƙi ɗagowa. Haka Babanmu ya yi ta fama har wata likitar fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi, ta koya mana naɗin robar nan.

Kafin komai dan Allah a kai majinyacin sashen fisiyo a duba, mu nan Sakkwato ko asibitin koyarwa na jami'ar Danfodiyo (UDUTH) ko asibitin ƙwararru (Specialist). In akwai gudan jini a jijiyar ƙafa, ko ciwo a fata, ko suga ta kashe mishi jin ƙafa, ko hawan jinin bai sauka ba, ko yana shan maganin tsinka jini irin warfarin, to kar a naɗa sai likita ya ce.

Robar kanta mai faɗi ce, wajen santimita 5, tsawonta kamar mita 2. Ba robar ɗaure kaya a babur ba wallahi, waccan yanka fata take.

Ka zaunar da shi kan kujera mai jingina, ƙafa ba safa. Fara naɗi daga tsakiyar tafin ƙafa bayan yatsu, ka riƙa hawa sama kana gicciyawa a idon sawu, ka bar dunduniya a buɗe, har ka ɗan wuce idon sawu, sai ka cusa bakin robar ƙarƙashin naɗin. Kowane zagaye ya rufe rabin na baya, jan kuma rabin ƙarfin robar kawai, nan ne mutane ke kuskure suna ganin in an matse sosai an fi samun sauƙi.

Da ka gama sai ya fara ɗago yatsu sama yana mayarwa ƙasa, a hankali, in ƙafar ta ƙi sai ka tallafi dunduniya da hannu ɗaya ka tura tafin sama da ɗayan. Minti 2 ya isa, ka sa agogon waya. Idonka na kan yatsun, in sun yi fari ko sun yi duhu, ko ya ce yana jin tsira kamar allura, warware nan take, wanda maganarshi ta taɓu kuma fuskarshi za ka riƙa karantawa.

Sakin da ƙafar ke yi bayan an warware na ɗan lokaci ne, shi ya sa ba a zama. Ka tsaya ta ɓarin da ya shanye, ya riƙe sanda, ku taka tsakar gida dunduniya na fara sauka. Ranar farko Baba cewa ya yi "ƙahwag ga ta saki", mu duka sai da muka yi ƙwalla.

Mu da safe muke yi kafin rana ta buɗe, robar kuma cikin ɗaki muke ajiye ta, zafin Sakkwato na ƙeƙasar da ita ta tsinke.