Darasi na Tara: Gyaran Mahaɗar Batir a Sigarin Lantarki Mara Na'urar Kariya

Akwai wani nau'in sigarin lantarki wanda ba shi da komai a cikinsa sai bututun ƙarfe, da batir, da makunni a gindi, da kai mai ɗauke da koyil wanda ke ɗumama ruwan har ya zama tururi. Sauran nau'o'in suna da ƙaramar na'ura da ke yanke wuta idan an sami matsala, amma wannan ba shi da ita, jikin bututun kansa shi ne hanyar da wuta ke bi. Kayan manya ne, nikotin da ke cikin ruwan yana kama jiki, kuma ba a barin sa inda hannun yaro zai kai.

Batirin da aka fi sa masa shi ne mai lamba 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65, kuma idan ya cika da caji yana ba da bolt 4.2. Wuta mai yawa ce ke ratsa wuraren da ƙarfe ke taɓa ƙarfe, saboda haka ɗan datti ko tsatsa a mahaɗa yana rage ƙarfin tururi, ya kuma mai da wutar ta zama zafi. Alamomin su ne a danna makunni ya ƙi kamawa sai an sake dannawa, ko makunnin ya yi zafi a yatsa, ko a ga baƙaƙen ɗigo a gindin batir inda tartsatsi ya ƙona.

Kafin a taɓa komai, a cire kan, a fitar da batir, a duba shi a cikin haske. Dukkan jikin batirin ɓangare ɗaya ne na wuta, ɗan maɓallin da ke samansa shi ne ɗaya ɓangaren, kuma siririyar ledar da ta lulluɓe batirin da ɗan zoben da ke ƙarƙashinta su kaɗai ne suka raba su. Idan ledar ta yage ko kaɗan, ko zoben ya ɓata, ko batirin ya lotse, to aikin ya tsaya nan sai an sauya masa sabuwar leda ta musamman ko an sami wani batir. Ba a liƙe yagewar da salatif.

Idan batirin lafiyarsa ƙalau, sai a kwance makunnin a hankali, a jera sassansa a kan farin tsumma yadda aka fitar da su, domin sifirin ko maganaɗisun da ke ciki ƙanana ne, kuma maganaɗisu yana saurin fashewa. A jiƙa auduga da sifirit a goge fuskar kowace mahaɗa, da haƙoran da ake murɗawa, domin su ma wuta tana bi ta cikinsu. Baƙin ɗigon da ya ƙi fita a murje shi da magogin fensir. Sanfefa kuwa a guje masa, musamman a mahaɗar da aka shafa wa ruwan azurfa, domin yana kankare shafin, ya bar zane inda tartsatsi zai ƙara kamawa. A bari komai ya bushe sarai, a kuma tabbatar ƙananan hujojin fitar iska ba su toshe ba.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Mun saba idan batirin tocila ko na rediyo yana girgiza, sai mu cusa takarda ko ɗan gwangwani mu toshe giɓin. A wannan abin, dabarar tana iya kashe mutum. A shekarar 2018, a jihar Florida ta Amurka, irin wannan bututu ya fashe ya yi ajalin mai shi. Idan batir yana girgiza, ƙusar mahaɗa, wato ɗan ƙarfen da ke taɓa batir, ake daidaitawa in tana murɗuwa, har ta taɓa batir ba tare da ta danne shi ya lotse ba; in ba ta murɗuwa, sai a sauya ta. Haka nan a irin bututun da ƙusar kan take taɓa batir kai tsaye, wajibi ne ƙusar ta fito fiye da haƙoran da ke kewaye da ita, in ba haka ba ɓangarorin wutar biyu za su haɗu.

Kafin a gwada, a auna koyil da mitar auna om, wato ma'aunin yadda koyil ke tare wuta, a raba bolt 4.2 da adadin om ɗin da aka samu, abin da ya fito shi ne amfiya, wato yawan wutar da koyil zai ja. Koyil mai om 0.3 zai ja amfiya 14, mai om 0.2 kuwa zai ja amfiya 21, kuma dole adadin ya kasance ƙasa da abin da kamfanin batirin ya ce yana iya bayarwa ba tsayawa. A danna na daƙiƙa ɗaya ko biyu nesa da fuska. Idan har yanzu makunnin yana zafi, a cire batir nan take a ajiye shi a akwatin roba, ba a aljihu tare da makullai ko sulalla ba.

Aiki: Koyil mai om 0.15 amfiya nawa zai ja daga cikakken batir? Shin batir mai iya ba da amfiya 20 zai ɗauke shi?