Kurakuran Turanci da 'ya'yanmu na Makka da Jidda suka fi yi

Yaron da ya tashi a Makka ko Jidda, Hausa a gida, Larabci a titi, da harsuna biyu yake shiga ajin Turanci. Tun 2021 ake fara koyar da Turanci daga aji ɗaya na firamare a Saudiyya, amma kurakuran da suka fi wuyar fita su ne waɗanda Hausa da Larabci suka yi ittifaƙi a kansu, domin kunnen yaro ba ya jin an yi ɓarna.

Ɗauki wannan: "the man that I saw him". Bahaushe yana cewa mutumin da na gan shi, Balarabe yana cewa allazi ra'aituhu, duka da lamiri (wakilin suna, wato shi da hu) a ƙarshe. Turanci ba ya maimaita shi: "the man that I saw" ya wadatar. Duk jimlar da ke da "that", "which" ko "whom", ka duba ƙarshenta, in akwai "him" ko "it" da ke komawa ga sunan da ya zo dab kafin "that", "which" ko "whom" ɗin, ka goge. Wannan ne nake ganin ya kamata malamai su fi ba lokaci, don har ɗaliban jami'a yana bin su.

Haka shan magani. Ba a cewa "drink medicine", sai "take medicine". Kalmomin "information" da "advice" kuwa ba su da jam'i, ko da muna da bayanai da shawarwari, Larabawa suna da ma'alumat da nasa'ih.

Wasu daga Larabci kaɗai suke. Kalmar iftah, wato buɗe, wadda Larabawa ke amfani da ita wajen kunna fitila, ita ce ke haifar da "open the light", daidai shi ne "turn on the light". Huwa ɗabib, wato shi likita ne, ke haifar da "he doctor", alhali sai an ce "he is a doctor". Waɗanda suka zo daga Najeriya kuma su kan kawo "borrow me your pen". Mai karɓar aro shi ke "borrow", mai bayarwa "lend".

Sai harafin p, wanda yaranmu ke faɗuwa a kansa ta gefe biyu: Hausa ta mai da shi f, Larabci ya mai da shi b, "pan" ta koma "fan" ko "ban", kowacce da ma'anarta. Iyaye, ku riƙe 'yar takarda a gaban bakin yaro ya ce "pan". In leɓɓa sun haɗu sun fitar da iska takardar ta motsa, furucin ya fito daidai.