Tsuntsaye da ma'aunin ruwan sama: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara, da zarar shamuwa ta bayyana a sararin Tawa, sai a fara kirana: Malam, na'urata ba ta ƙirga ruwa. Wani ya sayo ƙaramar tashar meteyo, wato na'urar auna yanayi, daga Yamai, wani ƙungiyar manoma ce ta ba shi ma'auni na roba. Kafin in je na san abin da zan tarar a cikin mazurarin: kashin kurciya da ƙwallon dogon yaro.

Na farko shi ne wurin kafawa. Mutum ya kashe kuɗi, yana tsoron ɓarawo da rana, sai ya raɓa abin a gindin bishiya ko jikin katanga. Ƙa'idar masana yanayi ita ce tazarar ma'auni da bishiya ko gini ta kai aƙalla ninki biyu na tsayin abin, ninki huɗu ya fi. Ban da tare ruwa, bishiya masaukin tsuntsu ce. Dogon yaro yana nuna a farkon damina, tsuntsaye da jemagu su sha, su yar da ƙwallon, ƙwallo ɗaya kuwa ya isa ya toshe ramin. Gawo ma ba ya tsira, don shi da damina yake kaɗe ganye.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne rufe bakin ma'auni. Don Allah ku daina! Mutum ya ga kashin tsuntsu sau ɗaya, sai ya yanko tsohon gidan sauro ko ragar taga ya ɗaure a kai, yana jin ya yi dabara. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Ɗigon ruwa in ya daki raga fantsama yake yi, wani ya faɗa waje, wani ya maƙale a idon ragar har iska ta busar da shi. Ga ƙurarmu: hadarin nan yankin da guguwa yake fara zuwa daga gabas, jan ƙasa ta cika ragar, yayyafin farko ya mai da ita laka. Tsuntsun kuma ka shimfiɗa masa wurin zama mai daɗi, da can a ƙarfe siriri yake tsayawa.

Wannan ya taɓa cin mana shuka a gonar ƙungiyarmu. Wani yaron kirki da muka ɗora wa kula da na'urar ya lulluɓe ta da raga, da kyakkyawar niyya. Ruwan shuka ya sauka da dare, na'ura ta nuna ɗan abin da bai kai a fita da iri ba. Mu kuwa mun riƙe shawarar da ake ba manoman Sahel, cewa a jira kamar milimita 20 kafin a zuba hatsi. Maƙwabta da suka tona ƙasa da hannu suka ga laima suka yi shuka, mu muka zauna muna kallon lamba. Da na hau na kwance ragar, laka ce da kashin hazbiya sun daskare, ruwa na kwance a kai. Ruwa na gaba ya yi jinkiri, geronmu bai taɓa kamo na mutane ba. A ƙasar da ruwan shekara yake wajen milimita 350 zuwa 400, yawancinsa a Yuli da Agusta, rasa ruwan shuka ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, ku lissafa da kanku abin da raga take ɓoyewa a eka guda. In akwai ƴar matata da ta zo da na'urar, wadda take can ƙasan mazurari, ku bar ta, aikinta daban. Baki dai a bar shi a buɗe.

Abin da nake yi ba shi da tsada. Wayoyin ƙafar keke nake karɓa wajen mai gyara, in yanka su kamar tsawon santimita 15, in jera su kewaye da bakin ta waje, tazarar yatsa biyu, in ɗaure da robar tsohon tiyub. A tsaye suke, sun ɗan karkata waje, ba ciki ba, don kada ruwan da ya bi jikinsu ya gangara ya ƙara lissafi. Ina dakushe kawunan, ba sukar tsuntsu nake nema ba, wurin sa ƙafa nake hana shi. Robar tana ruɓewa da rana, don haka kowace bazara sabuwa.

Sannan tsuntsu yana son wuri mafi tsawo a fili, in ka hana shi nan sai ka ba shi can. Ina kafa sanda mai giciye a kai, wadda ta fi na'urar tsawo, kamar taku goma ta yamma. Da zafin Afrilu da Mayu ina ajiye kaskon ruwa a gindinta. Wasu abokaina suna cewa janyo su nake yi. Ni dai tun da na fara, kurciyoyina can suke yini.

Masu kafa mutum-mutumi da faifan CD da zaren kaset don korar tsuntsu, ƴan kwanaki ne tsuntsu ya gane. Hankaka ma a kan mutum-mutumin yake hutawa. Masu shafa giris ko danƙo a baki, ƙura za ta manne, man ya gangara cikin cokalin da ke ƙirga ruwa a ƙasan mazurari. Guba kuwa kada in ji: kajin gida da yara suna wannan filin, kuma haƙƙin dabba ba wasa ba ne.

In na'urarka mai haɗe da komai ce, duba ko kibiyar da ke nuna inda iska ta fito tana saman mazurari. In haka ne, duk tsuntsun da ya sauka a kanta cikin ma'auni yake kashi, hankaka kuma nauyinsa yana lanƙwasa ta. In ana iya raba su, raba. Ɗan allon sola a goge shi da tsumma, kashin tsuntsu ɗaya yana iya hana batir cika. A leƙa rumfar ma'aunin zafi saboda zanzaro.

Sai wanki. Irin na'urar mai cokali biyu, wanda ya cika da ruwa ya rinjaya ya zubar, yawanci kowane rinjaye milimita 0.2 yake ƙirgawa. Ka zuba buta guda kana wanki, ka rubuta wa kanka ruwan da sama ba ta yi ba. Cire waya ko batir tukuna, ko ka rubuta ranar da lokacin a littafi. Ramin da ya toshe da tsinken tsintsiya ake buɗe shi, ba da ƙusa ba. In ka gama, tabbatar bakin bai karkace ba. Ni da damina kowace safiya bayan sallah nake leƙawa, da kuma duk lokacin da na ga gabas ta haɗa. Kusa da na'urar kuma ina da ma'aunin hannu, in lambobinsu suka yi nisa da juna, na lantarkin nake fara buɗewa.